Hoton Ƙashina Lafiya Lau Yake

Jama'a, ku gyara zama. Yau ba zan yi muku kwana-kwana ba, don abin da ya faru ranar Asabar har yanzu bai gama sakina ba. Da babban yatsa ɗaya ma nake rubuta muku wannan, sauran sun tafi yajin aiki.

Wadda ta shigo yau ba ta san ni ba, ga ni a taƙaice. Ni mai gyaran gashi ce. Kitso, wanki, busarwa, miƙarwa, duk ina yi, a wani shago da ke saman bene, ƙasansa kantin takalma. Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har masu zuwa kitso. Babanmu ya rasu tun ina ƙarama, yayyena maza biyu kowa na can da iyalinsa, saura ni da Mama a gida mai ɗaki biyu da falo. Sannan ina da ciwon da ido ba ya gani.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan. Ina bayan motar haya zan tafi aiki, muna tsaye a danja, sai wata motar kaya ta zo ta doke mu ta baya. Ban ga komai ba. Na dai ji wuyana ya yi gaba ya dawo, kafaɗata ta haɗu da ƙarfen kujera, sai salatin mutane. A asibiti aka ce ƙashin kafaɗa ne ya tsage, ba abin tashin hankali ba ne, sati shida zai haɗe. Ya kuwa haɗe. Ciwon ne ya ce bai san zancen ba. Maimakon ya tafi, sai ya kwashi kayansa daga kafaɗa ya bazu: wuya, baya, ƙugu, cinyoyi, har tafin ƙafa. In kwana awa tara, in tashi kamar wadda ta kwana dakon buhuna. Wani lokaci ina tsaka da magana kalma ta ɓace min ɓat, in tsaya riƙe da mataji ina laluben sunansa.

An ɗebi jinina har na daina ƙirgawa. Kowane sakamako fes. Sai bayan shekara guda na faɗa hannun wata likita mai furfura, mai tabarau a kan karan hanci, wadda ta ajiye biro ta saurare ni har na gama. Ta ce sunan ciwon faibromayaljiya. Na ce ta sake faɗa, don sunan kaɗai sai mutum ya sha ruwa a tsakiyarsa.

"Kin san motar da aka taɓa bugewa, ƙararrawarta ta rikice?" in ji ta. "Kyanwa ma ta gifta sai ta hau kuka. To jijiyoyinki masu kai saƙon ciwo haka suka koma tun bayan hatsarin nan. Ciwon da kike ji na gaske ne. Sai dai ba a ƙashi yake ba, kuma ba zai fito a hoto ba."

Ta ce in kula da abu uku da ke tashinsa: bugu ko faɗuwa, komai ƙanƙantarsa, sai rashin barci, sai damuwa. Ta ce damuwa ce aminiyarsa, duk inda ta shiga yana biye da ita. Ta rubuta min magani, ta ce in riƙa tafiya a ƙafa kaɗan-kaɗan kullum, in riƙa gasa jikina da ruwan ɗumi, in koyi cewa a'a. Wallahi kuka na yi a ofishin matar nan, ba don baƙin ciki ba. Daɗi na ji da aka samu mutum ɗaya da bai kalle ni a matsayin mai raki ba.

To yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mutumin da nake so, mai ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti.

Shi ya ɗauke ni hoto ranar hatsarin. Ya leƙo daga ɗakinsa mai ƙofar ƙarfe ya ce, "Lamba goma sha bakwai!" Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Sha-bakwai, ni kuma ina ce masa Mai Hoto. Dogo ne siriri, sanƙo ya fara yi masa sallama, biro uku a aljihun gaba, kullum yana ƙamshin sabulun asibiti. Ba shi da daɗin baki irin na samari, gaskiya. In ya so ya yabe ni sai ya ce tsayuwata daidai take, ban karkata ba. Amma mutum ne da in ya ce ƙarfe huɗu, to huɗu saura minti biyar yana bakin ƙofa. Ranar da na koma hoton ƙarshe, ya manna shi a jikin allo mai haske, ya nuna min da biro.

"Kin ga nan? Ya haɗe tsaf, kamar ba a taɓa ba." Sai ya sosa ƙeya. "To yanzu da kika warke, da wane dalili zan riƙa ganinki?"

Ku faɗa min, wace ce ba za ta narke ba? Hoton ma a wurinsa na bari. Ya ce kowane saurayi na da hoton fuskar budurwarsa, shi kaɗai ne a duniya ke da na ƙashinta.

Na san abin da kuke cewa a ranku. Auta, ai kin huta, ma'aikacin asibiti ne, shi zai fi kowa fahimta. Ni ma haka na zata. Sati ɗaya bayan likita ta ba ni takardar bayanin ciwon, na ninke ta na saka a jaka, muka haɗu a wani benci da ke ƙarƙashin bishiya kusa da wurin aikinsa. Ya zo a gajiye, ya miƙo min lemo mai sanyi, ya zauna yana murza ido.

"Yau wata mata ta zo karo na biyar," ya ce. "Baya, wuya, gwiwa, ba inda ban ɗauka ba. Hoto fes, ko ɗigo babu. Wasu mutanen fa, Sha-bakwai, kulawa kawai suke nema. A gida ba a saurarensu, sai su zo su miƙe mana a kan tebur."

"Ƙila da gaske tana jin ciwon," na ce a hankali.

"Gani ya kori ji," in ji shi. Wannan karin maganar kuwa ita ce gishirin zancensa. "In akwai abu, zan gan shi."

Na yi dariya. Allah ya yafe min, har da tafa hannu. A lokacin bayana na ci da wuta, katakon bencin na sukar ƙuguna, takardar na cikin jakar da ke kan cinyata. Na shanye lemona, ya raka ni bakin titi, na dawo gida da ita yadda na fita da ita.

Da na faɗa wa Mama, cewa ta yi Allah ne ya rufa min asiri.

Kada ku ga laifin Mama tukuna. Matar nan ita ke tashi da sassafe ta ɗora ruwa, ta cika robar ruwan zafi ta naɗe a tawul ta tura min ƙarƙashin baya. Ita ta canza min katifa. Ranar da ba na iya ɗaga hannu, ita ke taje min kai, ni mai gyaran gashin mutane. Ta san ciwona fiye da kowa. Tsoro ne kawai ya yi mata yawa.

"A bar kaza cikin gashinta, Auta," haka take cewa. "Ba ƙarya kika yi ba, shiru kika yi. Namiji in ya ji ciwon da ba shi da ranar warkewa, ƙafarsa ce za ta ba shi shawara. Ki bari a ɗaura, in kin shiga ɗakinki ya gani da idonsa, lokacin ya riga ya saba da ke."

"In kuma ya ce na cuce shi fa?"

"Ke dai ki yi addu'a."

Haka muka yi shekara guda da 'yan watanni. Na ƙware wurin murmushi. In jikin ya tashi, in rubuta masa cewa shago ya cika. In ya ga na dafa kujera kafin in miƙe, in ce takalmin ne. Sau ɗaya ya ce, "Kina yawan gajiya fa," na ce tsayuwar aiki ce. Washegari sai ga shi da wani takalmi mai laushin ciki irin na ma'aikatan jinya, fari, mummuna, na ƙarshe a muni. Shi nake sawa kullum a shago.

Yanzu ga satin nan.

Ranar Litinin, wata ta wanke kai ruwan shamfu ya zuba a kan tayil, ba a goge ba. Na taho da tawul a hannu, ƙafata ta zame, na zauna daɓas, ƙuguna ya daki gefen kujera. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Ɗan tabo ne ya fito, bai kai tafin hannun jariri ba. Da wata ce, da ta karkaɗe zane ta manta. Ni kuwa tun a motar komawa gida na ji abin yana hawowa daga ƙugu zuwa baya, a hankali, kamar ruwa na cika bokiti.

Talata na lallaɓa na je. Ina tsaka da yi wa wata mata ƙananan kitso, na kai rabin kai, yatsuna suka ƙi. Kibiya ta suɓuce ta faɗi. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Hannuna na rawa, gumi na tsattsafo min, ƙarar diraya na shiga min har cikin ƙashi. Anti mai shagon, Allah ya saka mata, ta zo ta karɓa, ta yi min nuni da ido in shiga ciki in kwanta. Matar kuwa ta bi ni da kallo ta madubi har na shige. Ban kawo komai a raina ba.

Laraba da hantsi ina kwance, saƙo ya shigo.

"Sha-bakwai, albishirinki."

"Goro," na rubuta.

"Yaya za ta zo gaishe da Mama ranar Asabar, ƙarfe huɗu. Ta ce tana so ta gan ki da idonta."

Yayarsa ce ta rene shi tun rasuwar iyayensu, ita ta kai shi makaranta, ita ce uwa ita ce uba. Shugabar wata makarantar firamare ce, kuma yadda yake ba da labarinta, ko malamai in sun ji takunta gyara tsayuwa suke. In ta ce e, an gama. In ta ce a'a, Mai Hoto ba zai iya ɗaga ido ya musa mata ba.

"Allah ya kai mu," na rubuta, na ƙara hoton fure.

"Lafiya dai ko? Yau ba ki je aiki ba?"

"Lafiya lau. Hutu na ɗauka."

Mama na jin labari, gida ya koma kamar za a tashi daga cikinsa. Aka sauke labule aka wanke. Aka fitar da kafet aka kakkaɓe. Aka ɗauko kofunan gilashi masu bakin zinariya da ba a taɓa shan ko ruwa da su ba tun ina firamare. Ba ta bar ni na ɗaga ko tsinke ba, amma bakinta bai huta a kaina ba.

"In ta shigo ki miƙe da sauri, kada ki dafa komai. Ke za ki kawo tire. Kada ki yamutsa fuska in za ki zauna. In ta tambayi aiki ki ce alhamdu lillahi. Ki riƙa tafiya da ƙarfi-ƙarfi, matar nan malama ce, idonta buɗe yake."

Kowace kalma tana sauka a kafaɗata. Ba salon magana nake muku ba, a kafaɗar take sauka da gaske, in ji naman wurin ya ɗaure tamau. Abin da likita ta faɗa ke nan: faɗuwa ta buɗe masa ƙofa, damuwa ta shimfiɗa masa tabarma. Alhamis ciwon ya kai wuya. Juma'a ya sauka har yatsun ƙafa, barci ya zama na kaza, in rufe ido in buɗe. Zanen rufa ma nauyi yake min. Na tsaya a gaban firji na fi minti biyu ban san abin da na zo ɗauka ba.

Asabar da rana Mama ta shimfiɗa min rigar da ta zaɓa: doguwa, shuɗiya, mai duwatsu a ƙirji da hannu, matsattsiya a ƙugu. Kyau kam ba a magana. Amma ɗinkin cikinta kaɗai da ya taɓa fatata sai da na cije leɓe. Ban iya ɗaga hannu na ɗaura ɗankwali ba, ita ta ɗaura min. Ta shafa min hoda, ta ja min gira, ta goge abin da ya taru a gefen idona da bakin zanenta. Ta kama ni muka fito falo, ta zaunar da ni a kujera mai cin mutum biyu, ta cusa min ƙaramin matashi a baya inda ba za a gani ba.

"Awa ɗaya ce kawai," ta ce. "Ki daure min awa ɗaya, Auta."

Huɗu saura biyar muka ji tsayuwar mota. Sai sallamarsa. Shi kaɗai ya shigo, cikin farar riga da guga ta kwanta mata, baki har kunne. Ya durƙusa ya gaishe da Mama, ya ce Yaya na cikin mota tana ƙarasa waya da wani malaminsu, yanzu za ta shigo. Mama ta wuce kicin haɗa tire. Ya zauna a kujerar da ke fuskantata, ya matso, ya rage murya.

"Gara da na riga ta shigowa. Akwai abin da nake so ki sani, don kada ki ji a bakin wani ranki ya ɓaci. Wata maƙwabciyar Yaya ta je shagonku kitso ranar Talata. Ta dawo ta kai mata gulma, wai ke mai ciwo ce, wai ta ga hannunki na rawa har aka karɓe miki aiki."

Matar nan ce da ta bi ni da kallo ta madubi.

"Kada ki damu," ya ce yana murmushi, irin na wanda ya ci jarrabawa. "Na gama da maganar. Hotonki na ɗauko, na ɗaga wa Yaya a jikin taga, na nuna mata layi-layi. Na ce Yaya, shekara tara ina wannan aikin, da hannuna na ɗauka, da idona na gani. Na rantse miki yarinyar nan lafiyarta lau. In kin same ta da wani ciwo, ki ce ban san aikina ba."

Jama'a, ban taɓa jin son mutum da tsoronsa sun haɗu a ƙirjina lokaci ɗaya irin na wannan minti ba. Ya tsaya min. Ya kare ni da abu mafi daraja da yake da shi, aikinsa da rantsuwarsa, a gaban matar da ta rene shi. Kuma duk a kan ƙaryata. Nan da minti biyar zan miƙe in ɗauki tire in tabbatar masa da ita, kuma daga ranar sai in ci gaba da miƙewa har ƙarshen rayuwata.

Na ɗaga ido, Mama na tsaye a ƙofar kicin da tire a hannu. Ta ji komai. Ta girgiza min kai sau ɗaya, a hankali. Idonta na roƙona.

"Mai Hoto," na ce. Muryata ta fito 'yar siririya. "Matar nan ba gulma ta yi ba."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba. "Kamar yaya?"

"Ina da ciwo. Tun bayan hatsarin. Yanzu haka da nake zaune a gabanka, ba zan iya miƙewa ba sai an kama ni."

"Auta!" in ji Mama. Kofunan suka yi ƙara a kan tire.

"Amma ya haɗe," ya ce. "Na ga ya haɗe."

"Ƙashin ya haɗe. Ba a ƙashi yake ba."

"Jini fa? An duba jini?"

"Fes."

"To a ina yake?"

"Ko'ina." Hawaye suka fara ɓata wa Mama kwalliyar da ta yi min. "Rigar nan ma ciwo take min. Ranar Litinin na zame a shago, ɗan bugu kaɗan, shi ya tashe shi. Tunda ka ce Yaya za ta zo kuma, fargaba ta ƙara masa mai. Haka yake. Yana lafawa, yana tashi. Akwai satin da nake lafiya kamar kowa. Likita ta ce ana rayuwa da shi, ana aure, ana aiki. Amma ba ta ce zai tafi ba."

Na faɗa masa sunan. Ya maimaita shi a hankali, daidai, ba tare da ya sha ruwa a tsakiya ba. Ashe ya san shi. Ya taɓa karanta shi a littafi lokacin karatu, layi biyu, ya wuce.

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekara ɗaya da wata huɗu."

Na ga yana lissafi a ransa. Na ga inda lissafin ya kai shi, don fuskarsa ta sauya kamar an watsa masa ruwa.

"Ranar benci," ya ce.

"Takardar na cikin jakata."

Ya sunkuyar da kai, ya haɗa yatsunsa a kan sanƙonsa. Can ya ɗago, idonsa jawur.

"Ban gane ba, Sha-bakwai. In na ce miki na gane, na yi ƙarya. Ni abin da aka koya min shi ne in duba, in gani. Yanzu kina ce min akwai abin da ya hana ki tashi, kuma ko na ɗauke ki hoto ɗari ba zan gan shi ba."

"Ba za ka gan shi ba."

"Kuma shekara guda kina min murmushi."

"Tsoro nake ji."

"Ni?"

Ya miƙe, ya tsaya kamar zai yi magana, sai ya juya ya fita. Ko takalminsa bai saka daidai ba, na ji yana jan ɗaya a ƙasa.

Mama ta ajiye tiren a kan tebur, ta zauna a hannun kujerata. Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Hannu ta sa ta sassauta min ɗankwalin, don ta san ƙullin na damuna.

"Shi ke nan," ta ce. "Kin huta. Awa ɗaya na roƙe ki, Auta. Awa ɗaya."

"Ba awa ɗaya ba ce, Mama. Kin sani."

Muka zauna muna sauraren waje, mu biyu, kamar masu jiran sakamako a bakin ɗakin tiyata. Na ji an buɗe ƙofar mota. Na ji an rufe. Na jira tashin inji. Na ce a raina, ya Allah, in tafiya zai yi ya tafi da sauri, kada ya tsaya. Minti ɗaya. Biyu. Ƙanƙarar cikin jug ɗin da ke kan tire ta narke ta yi ƙara, sai da na zabura, zaburar kuma ta soke ni tun daga wuya har ƙugu.

Sai taku. Na mutum biyu.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Murya ce mai cika ɗaki. Mace ce ƙaƙƙarfa, doguwa kamarsa amma ta ninka shi biyu, da mayafi ruwan toka da ƙatuwar jaka a hannu. Ta gaisa da Mama hannu bibbiyu, sannan ta juyo kaina, fuskarta ta washe.

"Wannan ce Sha-bakwai ɗin da ta hana ƙanena cin abinci? Zo nan, 'yata!"

Ta buɗe hannuwa ta nufo ni gadan-gadan. Na runtse ido, na riƙe numfashi, don na san abin da runguma irin wannan za ta yi min.

"Yaya, a hankali."

Na buɗe ido. Ya shiga tsakaninmu. Mutumin da bai taɓa tare wa yayarsa hanya ba, ga shi tsaye da hannu ɗaya a ɗage.

"Kada ki matse ta. Jikinta na ciwo."

Ta tsaya cak, hannuwanta a buɗe. "Wane ciwo? Ba kai ka rantse min ba?"

"Na rantse a kan abin da na gani," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ban tambaye ta ba."

Yaya ta sauke hannuwanta. Ta kalle shi, ta kalli Mama, ta kalle ni. Kallon shugabar makaranta, wanda ke shiga har cikin aljihun mutum.

"Ai 'yar gajiya ce," Mama ta fara, "kin san aikin tsayuwa..."

"Ba gajiya ba ce, Mama." Na juya ga Yaya. "Yaya, sannu da zuwa. Ki yi haƙuri ban tashi na tarbe ki ba. Yau ba zan iya ba."

Ta daɗe tana kallona, ni kuma na ƙi sauke ido, duk da kwalli ya gama zubo min a kumatu. Sannan ta ajiye jakarta a ƙasa.

"Kai, fita ka ba mu wuri," ta ce da shi, ba tare da ta waiwaya ba.

Ya fita. Ta jawo kujera gabana, ta zauna har gwiwarta ta kusa taɓa tawa. Sai ta kalli gwiwar, ta ja kujerar baya kaɗan.

"Ina jinki," ta ce.